Yadda Na Je Maraɗi Neman Shimfiɗar Kunkurun Inna

Tun da na dawo daga Maraɗi ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk wanda ya same ni a majalisarmu ta bakin kasuwa sai ya ce, "Rabe, wai da gaske ne kunkuru ka kai asibiti a Nijar?" Wani ma cewa ya yi ya ji an tsare ni a boda da naman daji. Na gaji da gyara zancen ɗaya bayan ɗaya. Ga yadda abin ya faru, iyakar abin da na fahimta, don har yau akwai wuraren da ban gama ganewa ba.

Mahaifiyata, Inna, 'yar Maraɗi ce. Da aka kawo ta aure Jibiya, cikin kayanta har da wani ɗan kunkuru da bai wuce tafin hannu ba. Mahaifinta ne ya ba ta, shi ne kuma ya raɗa masa suna Dattijo. Mu duka a gabansa aka haife mu. Yanzu ya yi girman da sai maza biyu sun kama kafin a ɗaga shi. Yana da raminsa a gindin garu wanda ya haƙa da kansa, can yake shigewa in rana ta take, ya fito da hantsi da la'asar ya ci abin da Inna ta ajiye masa. Tun rasuwar Baba shi ne abokin hirarta. Takan zauna a kan tabarma tana tsinke zogale tana yi masa magana, shi kuma yana tauna.

Ni sana'ata sa tayil. Shekara da shekaru ina gyara gidajen mutane, gidan uwata kuwa in aka yi ruwa sai taɓo har idon sawu. Bana da damina ta ɗauke na ce sai na fitar da kaina kunya. Na cike ramin Dattijo, na zuba siminti, na shimfiɗe tsakar gidan kaf da tayil mai sheƙi. Shi kuma na kewaye masa wuri da bulo, ƙasan shi ma tayil, don wanki ya zo da sauƙi. Da na ga yana zamewa, ƙafafunsa na baya suna buɗewa in zai yi tafiya, sai wani abokina kafinta ya ba ni buhu biyu na dusar katako, irin wadda ake zuba wa kaji. Na zuba masa da kauri. Wurin ya yi kyau har na ɗauki hoto.

Ba a yi wata ɗaya ba idanunsa suka kumbura suna ruwa. Hancinsa ya fara fitar da kumfa. Ya daina cin abinci, sai ya wuni yana ture dusar yana kartar tayil da ƙafafun baya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Inna. Matata Saratu za ta kai mata tuwo, ta dawo da shi yadda ta kai. Ga ta da hawan jini, maganinta kuma ba a sha sai an ci abinci. Cikin mako biyu zanenta ya fara yi mata yawa.

Na kira wanda yake duba mana awaki. Ya zo ya tsuguna ya daɗe yana kallo, ya ce gaskiya shi shanu da awaki da kaji ya sani. Maƙwabcinmu ya ce dusar ce ba ta karɓe shi ba, in ɗebo yashin gulbi in zuba. Saratu ta bincika a waya ta ce Turawa ɓawon kwakwa suke saya wa nasu. Kafintan kuwa ya rantse kajinsa shekara goma a kan dusar nan suke, ko mura ba su taɓa yi ba. Ina tsaye ina jin wannan ina jin wancan, sai Inna ta yi magana daga bakin ɗaki.

"Ka kai shi Maraɗi wurin Issufu. Akwai wata likitar dabbobi nan unguwarsu, tana kiwon irinsu."

Kawu Issufu ƙanenta ne. Na kira shi, layin yana yankewa, na dai samu na ce masa Dattijo ne ba lafiya, gobe zan kawo shi. Na ji ya ce, "Subhanallahi. Ku taho, Allah shi kawo sauƙi." Sai layin ya mutu.

Da safe na ɗauki shatar motar Malam Idi. Muka shimfiɗa buhu a but ɗin motar, na zuba dusa, muka ɗora Dattijo muna nishi, muka ɗaure murfin da igiya a buɗe don ya sha iska. Inna ba ta fito ba. Muna kama hanyar Magama Malam Idi ya ce shi a saninsa toka ake zuba wa kunkuru, tana kashe ƙwari. Na ce to, na ƙara a kan waɗanda nake da su.

A boda wani jami'i ya tsayar da mu. Daga jin Hausarsa ba ɗan nan ba ne, irin mutanen wajen Filato ne. Ya karɓi katina ya duba, ya nuna but da haɓa.

"Me kuka ɗauko?"

"Dattijo ne, ranka ya daɗe. Ba shi da lafiya, Maraɗi za mu kai shi."

Fuskarsa ta canza. "A but kuka sa dattijo? Mara lafiya?"

Kafin in buɗe baki ya zagaya da sauri ya fizge igiyar. Ya tsaya. Dattijo ya ɗago kai da kumburarrun idanunsa, suka kalli juna. Jami'in ya juyo ya kalle ni, ya sake kallon but, sannan ya kira abokan aikinsa. Nan da nan muka tara jama'a, har masu tallar rake da 'yan canji.

Da dariya ta lafa, babbansu ya ja ni gefe ya yi mini bayani a natse. Irin wannan dabba ba ta ƙetare iyaka sai da takardar hukumar gandun daji, ta nan da ta can. In ma na samu na wuce da shi, dawowa da shi ita ce babbar wahala, ana iya karɓe shi a ce fataucinsa nake.

Na ce, "Amma ai ɗan can ne. Asalinsa Maraɗi."

"Da wace takarda ya shigo?"

"Cikin ƙwarya ya shigo, da kayan aure. An fi shekara hamsin."

Ya ce to ya zama ɗan ƙasa ke nan, ya zauna a ƙasarsa. Mutanen ba su wulaƙanta ni ba, gaskiya. Na farkon ma har ya raka mu mota yana cewa a garinsu cikin duwatsu yake ganin kunkuru, don haka in gwada zuba masa tsakuwa.

Na rasa yadda zan yi. In koma gida da shi in ce wa Inna me? Sai na tuna Yaya Laure, yayata da ke aure a nan Magama, tana sayar da abinci kusa da tasha. Muka kai shi gidanta. Ta ce mu ajiye shi bayan madafa, wurin da inuwa. Na ɗauko buhun dusa zan zuba, ta riƙe hannuna.

"Kada ka ɓata mini gida, yanzu na share. Ƙasa ba ta ishe shi ba na kwana ɗaya?"

Ban ji daɗi ba, amma gidanta ne. Na ɗauke shi bidiyo gaba da baya, na sa Malam Idi ya ɗan karkata shi na ɗauki cikinsa da wutsiyarsa, don kada likita ta tambaye ni abin da ban sani ba. Akwai kuma wanda na ɗauka a gida yana kartar tayil. Na ɗebi dusar a leda na sa a jaka, na sallami Malam Idi, na shiga motar haya ni kaɗai.

A Ɗan Isa, wurin mutanen duwan, wato kwastan ɗinsu, ledar nan ta sake tsayar da ni. Jami'in ya kwance ta, ya shinshina, ya murza da yatsa.

"Mi ne ne wanga?"

"Shimfiɗa ce."

"Shimfiɗar wa?"

"Ta mara lafiya."

"Ina mara lahiyar?"

"Yana Magama. Ba shi da takarda."

Na ga yana shirin kiran wani, sai na yi maza na fito da waya na nuna masa bidiyon. Ya kalla har ƙarshe, ya ce kakarsa tana da uku a ƙauye. Na yi murna, na tambaye shi me take shimfiɗa musu. Ya ce shi bai taɓa lura ba, ya dai san suna nan. Ya ɗaure mini ledar da kansa ya ce Allah shi ba da lafiya.

A mota zancen ya bazu, don direba ya ji komai. Wata mata da ke riƙe da kwandon tattasai ta ce ƙaiƙayin gero ya fi komai laushi. Wani ɗan kasuwa ya ce shi in shi ne, kwali zai shimfiɗa. Sai da muka kusa gari wani tsohon makiyayi a kusa da ni ya ce, "Kunkuru ake yi wa shimfiɗa?" Ban san ko tambaya ce ko gatse ba. Na kalle shi, ya mai da kai taga. Muka shiga Maraɗi ina da amsa bakwai a kaina, ba ɗaya da ta yarda da 'yar uwarta.

A tasha na nemi ɗan acaɓa, aka ce a nan kabu-kabu suke. Ya sauke ni ƙofar gidan Kawu wajen azahar. Ina shiga zaure na ga an shimfiɗa katifa da sabon zanen gado, ga filo biyu, ga kwanon kunu a rufe. A gefe wani mutum yana zaune da abin awon jini a cinya. Kawu Issufu ya taso ya rungume ni, yana leƙen bayana.

"Ina dattijon? Yana cikin mota? Ku kama shi a hankali."

Ashe shi ya ɗauka Baffa Sule nake nufi, yayan Babanmu, wanda ya haura tamanin. Har ya roƙi maƙwabcinsa ma'aikacin asibiti ya bar aikinsa ya zo ya jira mu. Na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Kawu, kunkurun Inna ne." Ma'aikacin asibitin ya naɗe abin awonsa a hankali, ya yi mana sallama cikin mutunci ya fita. Kawu ya zauna a bakin katifar ya yi dariya har yana tari. Da ya tsagaita sai ya ɗago kai.

"Yana nan da rai?" ya ce. "Kunkurun Baba?"

Na miƙa masa wayar. Ya riƙe ta da hannu biyu. Ya ce yana yaro ƙarami lokacin da mahaifinsu ya tsinto shi a gona, shi ya so a ba shi, aka ba yayarsa saboda ita za ta tafi nesa. Ya ce ya yi kuka ranar, mutane suka ɗauka kukan rabuwa da ita yake. Ya goge ido da hannun riga, ya tura mini kwanon kunun ya ce in sha, tunda mai shi bai zo ba.

Na so mu tafi wurin likitar nan take. Kawu ya ce a nan ba a neman mutum da tsakar rana. Da gaske kuwa, na leƙa titi na ga shaguna a rufe, gari ya yi tsit kamar ana zaman makoki. Mu a Jibiya lokacin ne kasuwa take ci. Kawu ya kira likitar a waya, ya juyo ya ce mini ta ce mu zo ƙarfe goma sha shida.

"Goma ko shida, Kawu?"

"Goma sha shida."

"Agogon nan har sha shida yake kaiwa?"

"La'asar, ɗana. In an yi sallah mu tahi."

Aka kawo dambu da zogale da ƙuli, ya yi daɗi ƙwarai, sai wani dogon burodi kamar sanda wanda ya kankare mini dasashi. Su kuwa haka suke karya shi suna ci ba ruwansu.

Likitar sunanta Madam Hadizatu, dattijuwa ce doguwa mai tabarau, ta yi ritaya daga aikin dabbobi. Gidanta babba ne, amma tsakar gidan ƙasa ce zalla, ga ramuka nan da can. Da idona na mai tayil na fara auna wurin, ina cewa a raina mace mai ilimi haka ta bar gida a wannan hali. Ina cikin wannan tunani ƙafata ta zurma cikin wani rami har gwiwa, na faɗi a gabanta, ledar dusa ta yi gefe.

"Sannu, mushe," ta ce, wato malam a Faransancinsu. "Gidan Hajiya ka shiga ba sallama."

Hajiya ita ce babbar kunkurunta. Tana da shida. Aka ba ni kujera ina murza idon sawu, ita kuma ta ɗauki ledar. Ta ɗebi dusar ta shinshina, ta miƙo mini.

"Mi ka ji?"

Na ce warin katako. Ta ce in sake. Sai na ji wani wari a ƙarƙashi, irin na maganin gara da ake shafa wa katakon rufi. Ta ɗaga hannu cikin hasken rana ta murza, wani gari mai laushi ya tashi yana yawo.

"Kai kana tsaye, hancinka na sama. Shi hancinsa yatsa biyu ne daga ƙasa, dare da rana. Wanga garin shi ke shiga ido da hanci. Ina kake zuba mai abinci?"

"A kan dusar."

"To duk ganyen da ya ɗauka, da dusa yake haɗiyewa. Ba ta narkewa. Tana taruwa ta toshe ciki."

Na ce amma kajin abokina lafiyarsu lau. Ta ce kaza wata nawa take yi a duniya kafin a yanka ta? Sai na fara zazzage mata abin da na kwaso a hanya. Yashin gulbi? Ta ce yashi zalla shi ma haɗiye shi yake, ga shi ba ya riƙe rami, rubzawa yake. Tsakuwa? Ta ce wannan ta fi muni, in ya haɗiyi ɗaya ba ta fita, kuma tana goge masa ciki. Toka tana cin ido. Ƙaiƙayi yana da ƙura, in ya jiƙe ya yi fumfuna. Kwali na kwana ɗaya ne, in za a yi tafiya da shi. Ɓawon kwakwa kuwa ta ce ba laifi, amma na waɗanda suke ajiye ƙanana a cikin ɗaki ne a ƙasashen sanyi, ni da Allah ya ba ni ƙasar da aka halicce shi a kanta me zan yi da shi.

"To me zan saya?" na ce.

"Ba ka sayen komi."

Wannan ya fi duk sauran rikita ni. Na taso tun daga Jibiya, na bar mara lafiya a hanya, na gurɗe ƙafa, a ce ba abin da zan saya. Ta ga fuskata, ta ce in taso. Ta kai ni bakin wani rami ta ɗebi ƙasa, ta yayyafa mata ruwa, ta dunƙule a hannu. Ƙasar ta tsaya a dunƙule. Ta taɓa ta da yatsa, ta wargaje.

Ta ce irin wannan zan nema, ƙasa mai ɗan yashi kaɗan a ciki, wadda ba laka ba ce mai ɗaurewa. Kada in ɗebo daga gonar da aka zuba takin zamani ko aka yi feshi, in nemi saura wadda ta daɗe ba a noma ba, in tsince kwalba da leda da tsakuwa. Kuma ba yayyafawa zan yi a kan tayil ba. Sai an cire tayil da simintin duka, ya samu zurfin da zai haƙa ya shige, don a cikin ramin yake samun sanyi da ɗan danshin da ke gyara masa ido da hanci. A gefe ɗaya in zuba busasshiyar ciyawa, in ta jiƙe in kwashe. Abinci a kan faranti ko faffaɗan dutse. Kullum in zaunar da shi cikin ruwa mai ɗumi kaɗan wanda bai kai hancinsa ba. Ta rubuta sunan ruwan wanke ido, ta ce in hancin bai daina kumfa ba cikin 'yan kwanaki, in haɗa ta da mai duba awakinmu a waya ta gaya masa allurar da zai yi.

Sannan ta ce in nuna mata bidiyon. Ta kalli na kartar tayil sau biyu. Ta wuce zuwa wanda Malam Idi ya karkata shi, ta tsayar, ta matso da wayar kusa da tabarau.

"Wa ya ce muku namiji ne?"

Kawu ya ce, "Babanmu."

"Allah shi jiƙan Baba. Wagga mace ce. Dubi cikin a shafe yake, na namiji yana da loko. Dubi wutsiyar, gajera. Kuma wanga karta da ƙafar baya, wurin ƙwai take nema. Suna yi ko ba namiji. In ba ta samu ƙasar da za ta haƙa ba sai ta riƙe su a ciki, kuma wannan yana kashe su."

Na kalli Kawu, Kawu ya kalle ni. Shekara arba'in da biyar ina gaishe da Dattijo a matsayin namiji. Na ce amma ba mu taɓa ganin ƙwai ba. Ta ce wa ya taɓa shiga ramin ya duba?

A kan katifar mara lafiya na kwana, ƙafata a ɗaure da tsumma. Da asuba Kawu ya raka ni tasha, ya ba ni kilishi da ɗaurin zogale busasshe in kai wa Inna, ya ce in gaya mata in ƙafarsa ta yi sauƙi zai zo ya ga kunkurun Babansu da idonsa. A Ɗan Isa na sake samun jami'in jiya. Ya tambaye ni ya mai jiki, na ce ashe mace ce. Ya ce to Allah shi ba ta lafiya, ya miƙo mini katina.

Ina shiga gidan Yaya Laure ta tare ni da ludayi a hannu.

"Ka zo ka kwashe dattijonka. Zai kayar mini da madafa."

Na zagaya baya. Ƙasa ce tuli guda a gindin bangon, Dattijo ta juya baya ta nutsa ƙafafunta cikin wani rami tana fito da ƙasa a hankali, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Idanun suna nan a kumbure. Yaya ta ce ta ga ya ɗan taɓa ganyen yakuwar da ta zubar. Na kira Madam Hadizatu na gaya mata. Ta ce kada wanda ya taɓa ta, a bar ta nan har ta gama. Na roƙi Yaya, na yi alkawarin gyara bangon da hannuna. Da na ce mata mace ce, ta ajiye ludayin ta zauna a kan turmi tana kallona kamar na zo da wani yare.

Na isa gida da hantsi. Inna tana bakin ɗakinta, ta ƙara faɗawa. Na zauna a gabanta na jero mata komai yadda likita ta faɗa, dusa da yashi da tsakuwa, zurfin ƙasa, danshin rami. Ina yi ina jin kaina kamar malami. Na ajiye babban labarin a ƙarshe.

"Inna, kuma ashe mace ce."

"Na sani."

"Kin sani?"

"Tun kana goye na ga ƙwanta. Baba ya sa mata suna, ni ba ni canza shi."

"To zancen ramin fa? Likita ta ce cike shi da na yi ne ya jawo duk wannan."

"Na hwaɗa maka. Ranar da ka zo da siminti na ce ka bar mata raminta. Ka ce in bari ka gyara mini gida."

Wallahi ban tuna ba. Na juya wurin Saratu, tana tsaye da tsintsiya. Ta sunkuyar da kai ta ce an yi haka, har sau biyu, ina ta awo da igiya ina cewa to, to.

"To Inna, me ya sa kika tura ni har Maraɗi?"

"Da na sake hwaɗi za ka ji?"

Na tashi na ɗauko guduma.

Kwana huɗu na yi ina fasa aikin hannuna. Maƙwabta suna leƙowa ta kan garu, wani ya tambayi Saratu a ɓoye ko lafiyata ƙalau. Na cire kusan rabin tsakar gidan, daga gindin garu har wajen rijiya, har na tarar da tsohuwar ƙasa. Akwai wata saura tamu a Bugaje da ta shekara biyar ba a taɓa ba, daga can na yo amalanke uku, na tankaɗe, na gwada dunƙulawa a hannu yadda aka nuna mini. Da na zo zan fasa na bakin ɗakin Inna, ta ɗaga hannu.

"Bar wannan. Yana da kyau. In anka yi ruwa ba ni taka taɓo."

A rana ta uku Yaya Laure ta kira ta ce an yi ƙwai, ta ga farare kamar na agwagwa kafin a rufe su da ƙasa. Da na gaya wa Inna, ta ce wa Saratu ko akwai sauran kilishin nan na Issufu. Shi ne abu na farko da ta nema da bakinta cikin mako uku.

Mun dawo da Dattijo ranar Juma'a. Hancin sai da aka yi allura biyu ya bushe. Idon dama ya warke sarai, na hagu kuwa ya yi fari-fari, Madam ta ce da wuya ya koma daidai. Wannan ni na jawo, kuma kullum na shiga gidan sai na gan shi.

Ranar da muka sauke ta a kan sabuwar ƙasar ta daɗe ba ta motsa ba. Sannan ta nufi gindin garu, daidai inda tsohon raminta yake, ta fara haƙa. Inna tana zaune a bakin ɗaki da kwanon fura a cinya, tana sha tana kallo. Ƙasar da ake watsowa ta fara hawa kan tayil ɗin da ya rage. Na ɗauki tsintsiya zan share.

"Rabe," Inna ta ce. "Zauna. Bari ta gama tukuna."

Na ajiye tsintsiyar na zauna kusa da ita. Ta miƙo mini ludayin.